A-kori-kurar Kawu, mujallar Faransa da halin da gidan waya ke ciki

Wata Alhamis cikin hunturun bara na je Maigatari gaishe da ƙanin mahaifiyata. Na same shi a bakin kasuwa, zaune a gaban tsohuwar motarsa, ɗansa na kan bodi yana ɗaure buhunan zoɓo da riɗi. Motar Peugeot 404 ce, wadda muke kira Fijo, samfurin a-kori-kura mai giya a jikin sitiyari. Kawu ya saye ta na-hannu a 1984, kuma tun daga lokacin take jigila tsakanin Maigatari da Gumel da ƙauyukan Sule Tankarkar. Ta ɗauki hatsi da awaki da kayan ɗakin amare, ta kai masu naƙuda asibiti cikin dare, ni kaina a bayanta aka kai akwatina ranar da na tafi makarantar kwana. Na ɗauke ta hoto da wayata don nishaɗi kawai, na tura wa wani abokina Bafaranshe da muka haɗu lokacin da nake karatun digiri na uku.

Ashe abokin nan ɗan wata ƙungiya ce ta masu sha'awar tsofaffin motoci, wadda ke buga mujalla domin 'ya'yanta. Ya nuna wa editansu hoton, editan ya nemi ƙarin hotuna da tarihin motar, daga baya aka ba ta shafi biyu cif. Sai editan ya rubuto mini cewa al'adarsu ce su aika wa mai mota kwafe guda ta gidan waya, don haka in ba shi adireshin Kawu. Na ɗauki waya na kira shi.

"Kawu, mutanen nan suna son adireshinka."

"Ɗan nan, boko ya sa ka manta gidanmu ne? Ka ce musu bayan tasha, ƙofar da ke da darbejiya. Duk yaron da aka tambaya gidan mai Fijo zai nuna."

Gaskiya Kawu ya faɗa, domin babu wanda zai ɓata a Maigatari yana neman sa. Sai dai wannan kwatance ba ya shiga bayan ambulan. Layinsu ba shi da suna, gidan ba shi da lamba, shi kuma bai taɓa buɗe akwatin gidan waya ba. Dole na ba da adireshin wurin aikina a Kano. Bayan mako biyar mujallar ta iso a liƙe, ko kusurwa ɗaya ba ta yage ba. Na kai ta tashar da ke kan titin Haɗeja, na ba wani direban Gumel tare da lambar wayar Kawu da Naira dubu ɗaya. Kafin la'asar tana hannunsa.

Tun ranar nake juya wannan al'amari a raina. Takarda ta ƙetare teku da hamada bisa tsarin da ƙasashen duniya suka yarje a kai, ta zo Kano lafiya, amma ragowar tafiyar da ba ta kai kilomita 150 ba sai da aka fita daga tsarin kacokan, aka koma ga sanayya da amanar direba. Wannan ragowar tafiya ita ce abin da nake son mu duba tare da mai karatu.

Da na koma Maigatari bayan Sallah, na tarar mujallar ta zama abin kallo a rumfar bakaniken da ke yi wa Kawu gyara. Da Faransanci aka rubuta ta, don haka sai da aka samu wani ɗan kasuwa daga Magarya, can ƙetaren iyaka, ya karanta yana fassarawa. Marubucin ya yaba ƙwarai, amma ya ƙara da cewa motar ba za ta cika sharuɗɗan shiga gasarsu ba. Dalili kuwa shi ne ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 domin haɗa kan irin waɗannan ƙungiyoyi a duniya, ta shimfiɗa ma'anar motar tarihi: ta kai shekara 30, an adana ta a kan asalin ƙirarta, sannan ba a hawanta don zirga-zirgar yau da kullum. Motar Kawu ta haye sharaɗin farko da rata mai yawa, ta faɗi na biyu saboda fitilu da kujeru da lagireton da ke jikinta duk na aro ne daga wasu motoci, ta kuma faɗi na uku saboda ko ranar Juma'a ba ta cika hutawa ba. Da aka fassara wa Kawu wannan wuri sai ya yi dariya ya ce: "Motar da ba ta ɗaukar kaya ai gawa ce, ko da an shafa mata turare."

Daga nan ne hira ta karkata zuwa gidan waya, kuma ra'ayi ya rabu uku.

Na farko wani tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. A ganinsa mun yi asarar da ba mu san girmanta ba. Ya tuna zamanin da malamin makaranta a Gumel ke biyan kuɗin darasin koyo daga nesa da fasa-oda, takardun darasi su zo masa daga Ingila, ya amsa ya mayar, har ya ci jarrabawa bai bar aji ko kwana ɗaya ba. Ya tuna yadda ɗalibai ke sintiri a gidan waya suna jiran takardar shiga jami'a bayan kafa hukumar JAMB a 1978, da yadda ake aika katin gaisuwa gidan rediyon Kaduna, da wasiƙun masu sauraro zuwa Sashen Hausa na BBC. Ya ce a wancan lokaci hatimin da ake buga wa ambulan shaida ne da ko alƙali ke karɓa.

Na biyu wani matashi ne mai sana'ar POS a bakin kasuwa. Shi kam ya ce a bar kaza cikin gashinta, zamani ya wuce wurin. Kuɗi yana tafiya cikin daƙiƙa, gaisuwa tana tafiya ta WhatsApp, kaya kuma direba ya isa. A iya saninsa bai taɓa liƙa kan sarki a takarda ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba.

Na uku shi ne bakaniken, wanda bai ɗago daga kan kafireton da yake wankewa da fetur ba. Ya ce shi bai san sha'anin takarda ba, abin da ya sani shi ne duk injin da aka daina tayarwa, zoben fistin ɗinsa kamawa yake yi. Motar Kawu tana raye ne saboda kullum tana kan hanya, kullum kuma akwai mai sauraren ƙararta.

Ni dai ina ganin kowannensu ya riƙe wani sashe na gaskiya, amma maganar bakaniken ta fi kusa da inda gizo ke saƙar. Kafin in faɗi dalili, yana da kyau mu tuna yadda abin ya faro.

Aika saƙo a rubuce ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun kafin zuwan Turawa sarakuna ke musayar wasiƙu da Larabci, da hatiminsu a kai, manzanni na kai su a kan doki, kuma Gumel da ke da tsohuwar alaƙa da Borno ta san wannan hanya. Abin da tsarin zamani ya kawo sabo shi ne buɗe ƙofar ga talaka. A 1840 Ingila ta karɓi shawarar Rowland Hill, ta fitar da kan sarki na farko a duniya, bisa ƙa'idar cewa mai aikawa ne zai biya tun farko, kuma farashi ɗaya ne ko kusa ko nesa a cikin ƙasa. A 1874 aka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, inda ƙasashe suka amince su ɗauki kansu tamkar yanki guda wajen isar da wasiƙa. Albarkacin wannan yarjejeniya ce kan sarkin da aka saya a wani gari na Faransa ya wadatar har Kano. Kalmominmu ma suna ɗauke da tarihin: mun ce "gidan waya" saboda wayar tangaraho da ke shiga ginin, mun ce "kan sarki" saboda hoton kan sarkin Ingila da ke jikin 'yar takardar.

A yankinmu jirgin ƙasa ne ya kusantar da nesa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya tafi Nguru kuma, wanda aka kammala a 1930, ya bi ta Gagarawa. Jirgi ya sauke buhun wasiƙu a tasha, mota ko keke ko ɗan aike ya ƙarasa da shi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa daga Zariya a 1939 ta dogara da irin wannan hanya wajen isa ga masu karatu da karɓar wasiƙunsu. Ma'aikata guda ce, P&T, ke riƙe da wasiƙu da tangaraho da tarho, har zuwa 1985 da aka raba ta, aka samar da NITEL domin tarho da NIPOST domin wasiƙu. Sai ga wayar salula ta shigo a 2001, ta ɗauke gaisuwa da labarin haihuwa da na rasuwa, daga baya bankuna da masu POS suka ɗauke aikin fasa-oda. Kuɗin shiga ya ragu, ƙananan wakilai na karkara suka yi ta rufewa, jama'a suka ƙara ja da baya saboda wurin ya yi musu nisa, ja da bayan nasu kuma ya sake rage kuɗin shiga. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka matashin nan yana da gaskiya ta fuska ɗaya: wasiƙar gaisuwa ta tafi, kuma babu kukan da zai dawo da ita. Inda na saɓa da shi shi ne zaton cewa da tafiyarta aikin gidan waya ya ƙare. Waya tana kai magana da hoto da kuɗi, amma ba ta kai takardar shaidar kammala karatu ta asali, ba ta kai magani, ba ta kai mudun riɗin da dillali a Maigatari ke son mai saye a Legas ya gani da idonsa kafin a yi ciniki, ba ta kai turaren wutar da wata baiwar Allah a Gumel ta tallata a Facebook aka saya daga Abuja. Hasali ma, yawan ciniki ta intanet ƙara yawan ƙunshin kaya yake yi. Buƙatar tana nan, ta ma ƙaru. Masu biyan ta ne suka sauya, daga ma'aikacin gidan waya zuwa direba da ɗan kamasho.

Dole a yaba wa tasha, domin ta toshe gurbin da aka bari. Tana da sauri, tana da fuskar da ka sani, tana da lambar wayar da za ka kira, ba ta kuma tambayar ka lambar gida. Amma ni malami ne, na kuma ga inda take gazawa. Shekaru biyu da suka wuce wata ɗalibata daga yankin Gagarawa ta aika takardunta na asali ta hannun wani direba domin a tantance ta a wurin neman aiki. Motar ta lalace a hanya, aka juye fasinja da kaya a wata motar, ambulan ya salwanta tsakanin motocin biyu. Babu rasit, babu rajista, babu wanda za a kama da laifi, direban ma rantsuwa yake yi yana ba da haƙuri. Kafin ta haɗa takardar rantsuwa daga kotu da rahoton 'yan sanda, an rufe ɗaukar aikin. Ban da wannan, mota tana zuwa ne inda fasinja yake. Ƙauyen da ba ya kan kwalta sai ranar kasuwa, farashi kuma gwargwadon fuskarka da iya cinikinka. Ka'idar nan ta 1840, wato farashi ɗaya ga na kusa da na nesa, ba ta da mazauni a tasha, kuma ba laifin direba ba ne, domin shi mai yake saye. Hukuma ce kaɗai ke iya ɗaukar nauyin kai saƙo inda babu riba, ta cike giɓin da ribar da ta samu a birni.

A nan ne darasin motar Kawu ya shigo. Akwai hanya biyu ta girmama tsohon abu. Akwai ta mutanen mujallar: a wanke shi, a goge, a ajiye a rumfa, a fito da shi ran biki. Kamfanin Peugeot ma yana da gidan adana irin waɗannan motoci a garin Sochaux. Akwai kuma ta kanikawanmu: a bar shi kan aiki, abin da ya mutu a musanya shi da wanda ake samu, ko da ba na asali ba ne. An fara ƙera 404 a 1960, Faransa ta daina yin ƙaramarta a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, amma ga ta nan tana lodi a iyakar Nijeriya da Nijar, saboda akwai Ƙofar Ruwa a Kano inda ake tono kayan gyara, akwai kuma hannayen da suka san ta ciki da bai. Tsoron da nake ji shi ne mu yi wa gidan waya girmamawa irin ta farko: mu riƙa tuna shi da daɗin baki duk ranar 9 ga Oktoba da ake bikin ranar gidan waya ta duniya, alhali ginin na nan shiru. Abin da yake buƙata girmamawa ce irin ta biyu.

Me ke nan a aikace? Ina da shawarwari huɗu, kuma babu wadda ke buƙatar sabon gini.

Ta farko adireshi. Mutane da yawa ba su san cewa kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya sha'anin gidan waya a hannun Gwamnatin Tarayya ba, amma sanya wa tituna suna da bai wa gidaje lamba yana cikin ayyukan ƙananan hukumomi da aka jera a jadawali na huɗu. Ma'ana, kashin farko na gyaran yana kan teburin shugabannin ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Masu unguwanni sun san kowane gida, ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel za su iya zagayawa da rajista a lokacin hutu, fenti da allon ƙarfe kuma ba su kai kuɗin kwalbati guda ba. Amfanin bai tsaya ga wasiƙa ba: motar asibiti da ta kashe gobara da ma'aikacin banki duk adireshi suke nema.

Ta biyu wakilai. Indiya tana da gidajen waya sama da 150,000, mafi yawansu a karkara, kuma da yawa daga cikinsu ɗan gari ne ke riƙe da su na 'yan sa'o'i a rana. Matashin nan mai POS yana da rumfa, yana da waya, yana da amanar mutane a kan kuɗi. Idan aka ba shi sikeli da littafin rasit da kamasho a kan kowane ƙunshi, ya zama gidan waya a tsakiyar kasuwar da ke tara mutanen ƙasa biyu duk Alhamis. Na tabbata ra'ayinsa kan mutuwar gidan waya zai sauya a mako na farko.

Ta uku direbobi. Maimakon a ɗauke su kishiyoyi, a ƙulla yarjejeniya da ƙungiyarsu ta NURTW: buhu mai hatimi ya tashi daga Kano da motar farko, a sa hannu a Gumel, a sa hannu a Maigatari, wanda ya ɓatar ya biya. Haɗa fasinja da wasiƙa a mota ɗaya tsohuwar dabara ce. Suwizalan ta fara motocin gidan waya masu ɗaukar fasinja tun 1906, har yau kuma suna hawa ƙauyukan kan duwatsu. Mu da muke da motoci suna tashi kowace safiya, rubutu da sa hannu kawai suka rage.

Ta huɗu alƙawari a bayyane. A liƙa a bango cewa saƙo daga Kano zuwa Gumel kwana kaza ne, a tura wa mai shi saƙon waya idan ya iso, a kuma faɗi diyyar da za a biya idan ya ɓata. Ingancin aiki ba ya aunuwa sai an faɗi ma'auni. Yawancin muhawarar da muke yi kan gidan waya, har da ta rumfar bakanike, ta tsaya ne kan "a da" da "an ce", saboda babu alƙawarin da za a riƙe kowa da shi.

Akwai kuma kason da ya rataya a wuyanmu, mu 'yan boko. Muna cikin masu saurin yanke hukunci cewa abu ya mutu alhali mun shekara ashirin ba mu leƙa shi ba. Ni kaina na yi mamakin isowar mujallar nan lafiya, mamakin kuma ya nuna mini cewa ra'ayina ya girmi bincikena. A bayan kantar nan akwai ma'aikatan da suka karɓi ambulan daga wata ƙasa, suka tantance, suka kai inda aka rubuta. Sun yi nasu. Inda babu abin da aka rubuta ne tafiyar ta tsaya. Jami'o'i da kwalejoji da kotuna da asibitoci, waɗanda kullum ke aika takardu masu muhimmanci, su ne ya kamata su fara komawa da cinikinsu, su kuma riƙa ƙorafi a rubuce idan an saɓa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kawu ya naɗe mujallarsa a leda ya ajiye a akwatin gaban mota, tare da takardun lasin. Kafin in taho ya sa na zauna na rubuta masa wasiƙar godiya zuwa ga editan, yana faɗa ina rubutawa. Ya ce a gaya musu motar tana gaishe su, kuma in dai suna da sabon kafireto na asali da ba sa amfani da shi, a nan yana da aiki. Na kai wasiƙar gidan waya da kaina, na sayi kan sarki na liƙa, karo na farko cikin shekaru masu yawa. Da na kira shi na shaida masa ta tafi, sai ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce: "To madalla, ɗan nan. In sun ba da amsa, a ina za ta same ni?"

Ban da amsar da zan ba shi a ranar. Ina fata shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu da mahukuntan gidan waya za su taya ni nemo ta tun Kawu da motarsa suna kan hanya. Allah Ya sa mu dace.